Limfomar fata: cuta ɗaya ko biyu?

Har yau likitocin fata ba su gama gardama a kan maikosis fungoidis da ciwon Sézary ba. Wasu na cewa sankara ɗaya ce mai fuska biyu, wasu kuma sun ce kowacce da asalinta.

A 1806 ne Jean-Louis Alibert, likita a asibitin Saint-Louis da ke Faris, ya bayyana wani majiyyaci da fatarsa ta yi ta saɓa, daga baya ƙari mai kama da naman kaza ya tsiro masa. A 1870 Ernest Bazin ya tsara yadda wannan cuta, wato maikosis fungoidis, ke tafiya: tabo mai ƙaiƙayi da kan ɗauki shekaru, sai wurin ya yi kauri, sai ƙari. A baƙar fata tabon kan yi fari-fari, har a ɗauka kyasbi ne ko kuturta, a yi ta shafa magani a banza. Wannan jinkirin gano cutar yana damuna ƙwarai.

A 1938 Albert Sézary ya ga wasu da duk jikinsu ya yi ja, ga manyan ƙwayoyi marasa kyan siffa a jininsu. Sai a 1973 masu bincike a Faris suka nuna cewa ƙwayoyin T ne, daga cikin fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. A 1975 Lutzner da Edelson da abokan aikinsu suka haɗa cututtukan biyu a inuwa ɗaya. Ra'ayin ya zauna, tunda akan sami mai maikosis fungoidis da cutarsa ta shiga jini.

Ni dai na karkata ga abin da Campbell da Clark da Kupper suka wallafa a 2010. Sun gano ƙwayoyin Sézary na ɗauke da alamomin CCR7 da L-selectin, waɗanda ke ba su damar zirga-zirga tsakanin jini da kaluluwa da fata. Na maikosis fungoidis ba su da su, mazauna fata ne, shi ya sa tabo kan daɗe a wuri guda. Masu ja da wannan suna cewa ƙwayar sankara na iya sauya alamominta, kuma da gaskiyarsu. Amma magani ma ya bambanta su: alemtuzumab, wanda ke kashe ƙwayoyin T masu yawo a jini, yana taimakon masu Sézary sosai, amma ba ya yi wa masu tabon da ya kafe a fata wani abin kirki.