Abin da Ke Riƙe da Kwano

Idan iskar farkon damina ta yaye rufi a Kambarawa ko wata unguwa ta cikin birnin Katsina, abin da ake fara cewa shi ne kwanon yanzu ba shi da kauri. Haka ne, amma mu masu hawa sama mun san da wuya kwano ya kece a tsakiya. Ko dai ƙusa ta zare daga katako, ko kwanon ya yage ta gefen kanta, ko katakon ya tashi ɗungurum saboda ba a ɗaure shi da gini ba. A wurin kafi ɓarnar take farawa, kuma hakan yana da asali.

Rufin birni tun fil'azal aikin magini ne. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ake jerawa, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da makuba, a fitar da indararo. Nauyinsa ne ke riƙe da soro, iska ba ta da yadda za ta yi da shi; ruwa ne abokin gabansa, shi ya sa ake yaɓe kafin kowace damina. Kwano kuwa baƙo ne. Henry Palmer ya yi rajistar fasahar lanƙwasa shi a Landan a 1829, Sorel na Faransa ya yi rajistar dabarar lulluɓe ƙarfe da tutiya a 1837 don kada ya yi tsatsa. Kwanon bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma da yake a lokacin dogo bai shigo birnin Katsina ba, ta hanyar Kano ake ɗauko shi. Zuwansa ya juya lissafi: ruwa ya rage zama barazana, iska ta zama ita ce abin tsoro, rufi kuma ya bar hannun magini ya koma hannun kafinta.

Kafintan wancan lokaci ya dogara da ƙusa mai hula, yana buga ta a doron kwano, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Ta yi aiki shekara da shekaru domin komai ya dace da ita: kwano gajere mai kauri, katako busasshe mai tauri irin maɗaci, ga katangar rawani da ke danne bakin rufi don kada iska ta samu kafar shiga ƙarƙashi. Bayan da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gine-gine suka yawaita, waɗannan sharuɗɗa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Katako yakan iso daga Kudu bai gama bushewa ba, idan ya bushe a sama sai ya saki ƙusar. Kwano ya zama shara-shara. Rufi ya yi tsini, ya fito waje da katanga. Sannan dogon kwanon alminiyom ya shigo, wanda ke miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe: falle mai mita 10 yana iya ƙaruwa da kusan milimita 9 tsakanin sanyin asuba da ranar Afrilu. Wannan kai-da-kawo na kullum shi ke faɗaɗa rami, yana girgiza ƙusa har ta ɗago kai.

Saboda haka nake ganin dogon kwano ba shi da abokin zama sai sukuru mai roba a wuya. Zarensa yana cizon katako, robar tana toshe rami, idan kuma falle ya lalace a kwance shi ba tare da an lotsa na kusa ba. Masu ja da wannan suna da hujja. Suna cewa ga tsofaffin gidaje da aka rufa da ƙusa har yau ba sa yoyo. To amma a duba kaurin kwanonsu da irin katakonsu, wanda yanzu sai mai hali. Suna cewa sukuru na da tsada kuma sai da injin ɗaurewa, alhali wuta ba tabbas; injin mai batir ya rage wannan uzuri, kuɗin sukuru kuma bai kai na sake silin ɗin ɗaki guda ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce sukuru ma yana yoyo. Yana yi, idan an matse shi har robar ta fashe, ko an sa shi a karkace, ko an sayo mai arha da rana ke cinye robarsa. Hannun da ya saba da hama sai ya koyi inda zai tsaya, kuma wannan koyo ne masu gidan sana'a ba su ba yaransu sosai ba tukuna.

Ko sukurun ya zauna daidai, katakon da ya ciza yana bukatar langa-langa ko rodi da zai ɗaure shi da bulo, da tazarar da ba ta yi faɗi ba, musamman a kusurwa da bakin rufi inda iska ta fi ɗagawa. A nan ne mai gida ya fi yanke kuɗi, domin yana iya ƙirga bandir ɗin kwano daga ƙasa, amma da zarar an buga silin ba ya sake ganin ɗaurin.