Yadda ake zaɓen tayar babur mai riƙe hanya da ƙarko

Taya ce kaɗai ke haɗa babur da ƙasa, don haka kamun birki da shan kwana duk a kanta suka dogara.

Babu tayar da ta haɗa komai. Roba mai taushi ta fi riƙe kwalta, musamman da damina, amma tana saurin suɗewa. Mai tauri ta fi ƙarko, sai dai ta fi zamewa a jiƙaƙƙen titi. Mai manyan haƙora kuwa ta fi dacewa da burji da yashi.

Ana rubuta girman taya a gefenta. Alamar 2.75-17 na nufin faɗin inci 2.75 a kan rim mai inci 17, kuma saɓa wa girman da kamfanin babur ya ƙayyade yana ɓata tuƙi.

Lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT suna nuna lokacin ƙira: 1524 shi ne mako na 15 na shekarar 2024. Roba tana bushewa ta tsage ko ba a hau ta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo.

Ƙarancin iska yana cinye gefunan taya, yawanta kuma yana cinye tsakiya. Ana gwada ta ne kafin taya ta ɗau zafi.