Hanyar Gwanja da Hanyar Gabas: Tarihin Juriyar Matafiyan Ƙasar Kabi

A wannan zamani namu al'ummomin duniya sun mai da doguwar tafiya a ƙasa gasa mai daraja, wadda ake yi wa shiri tun da watanni, ake aunawa da agogo, ake kuma saka wa wanda ya fi juriya da lambar girma. A irin wannan tsere ne, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai, Abebe Bikila mutumin Habasha ya ci zinariya a birnin Rum a shekarar 1960, ƙafarsa ba takalmi. A Afirka ta Kudu tun 1921 ake tseren kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, a Maroko kuwa tun 1986 ake yin wani na kusan kilomita 250 cikin rairayin hamada, kowa goye da guzurinsa. Har ma an sami waɗansu mutum uku da suka tashi daga bakin teku a Senegal a ƙarshen 2006, suka ratsa Muritaniya da Mali da Nijar da Libiya da Masar a guje, suka riski Bahar Maliya bayan kwana 111.

Wajibi ne a yaba wa himma a duk inda ta bayyana. Sai dai kuma ya kamata mutumin Zauro, wanda Allah ya zaunar da garinsa a bakin fadamar Gulbin Kabi, a kan hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu, ya sani cewa mutanen wannan kwari sun daɗe da sanin irin wannan mashaƙƙa, domin kuwa tun kafin a ga mota a ƙasar Hausa akwai manyan hanyoyi biyu da suke ɗebe mazaje daga gidajensu, ɗaya ta nufi kudu maso yamma don neman halal, ɗaya ta nufi gabas don sauke farali.

Ta farko ita ce hanyar Gwanja. A ƙarni na 19, sa'ad da goro ya zama abin da ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yada zango a Jega, wadda take ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Gwandu, su haye kogin Kwara ta Ilo ko ta Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka a Salaga, inda goron ƙasar Ashanti yake jiransu. Suna kai kanwa da turkuɗi da baƙaƙen tufafi da kayan fata da busasshiyar albasa, a bisa jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro, kuma zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda.

Wanda yake zaton ƙarfin ƙafa kaɗai ke kai ayari Gwanja bai fahimci al'amarin ba, domin ayarin da yakan kai mutum dubu ko fiye tsari ne cikakke, mai shugabanni da ƙa'idodi. Madugu shi ne uban tafiya, wanda ya san inda ruwa yake da inda 'yan fashi ke kwanto, ya san kuma abin da za a ba kowane sarki na gaisuwa da abin da za a biya na fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Malamin ayari yana zaɓen ranar tashi, yana riƙe da lissafi, yana limanci. Akan ɗaura kaya tun asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a sauke, a bar dabbobi su yi kiwo, a buɗe huhun goro a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa kada ya ɓata sauran. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce wadda Hausawa suka taƙaita da cewa tafiya sannu sannu kwana nesa.

Wannan hanya ba haja kaɗai ta ɗauka ba, har da ilimi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, wanda kuma ake yi masa nasaba da al-Kabawi saboda asalin gidansu daga Kabi yake, ya bi sawun fatake har Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya koma Karachi ta bakin kogin Volta, inda ya zama limami, ya karantar, ya yi wallafe-wallafe da Larabci da Ajami har rasuwarsa a 1934. Unguwannin da ake kira zango a Kumasi da Ankara da sauran biranen Ghana, inda har yau Hausa ce harshen ciniki da wa'azi, gadon waɗannan matafiya ne.

Hanya ta biyu, ta gabas, ta fi tsawo, ta kuma fi cin rai. Shari'a ta ɗora hajji a kan mai istiɗa'a kaɗai, amma shauƙin Ɗakin Allah da ziyarar Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa talakawa da malamai da yawa suka ɗauki lafiyar jiki da sana'ar hannu a matsayin guzurinsu. Shi kansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda sarautar Gwandu ta samo asali daga gare shi, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, ya bar rundunar jihadi a 1807 da azamar nufar gabas, ya kai har Kano, inda mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu hukunce-hukuncen shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga bisani ya komo gida. Alhaji Umarul Futi kuwa ya taso tun daga Futa Toro a Senegal, ya ratsa ƙasar Hausa ya je Makka, a kan hanyarsa ta dawowa ya zauna Sakkwato shekaru har bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira har ƙasar Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Daga nan hanyar gabas ta ƙara cika. Maniyyaci yakan bar gida bayan ya yafe wa kowa, kowa ya yafe masa, ya bar wasiyya kamar mai bankwana da duniya, ya bi ta Kano da Barno, ya shiga Wadai ta Abeshe, ya ratsa Darfur ta Fashir, ya kai Ubayyid a Kurdufan, daga nan Hartum, daga nan Sawakin, inda zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Duk inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da allo, kuma tun da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 dubbai sun yi aikin tsinkar auduga a can don tara kuɗin jirgi. Tafiyar takan ci shekaru, yaron da aka goya a farkonta ya dawo yana saurayi, waɗansu su rasu a hanya, waɗansu kuma su zauna can, zuriyarsu tana Sudan da Hijaz har gobe.

Abin da ke damun mai nazarin tarihi shi ne rashin daidaito wajen adana sunaye. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, lokacin da yaƙi tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu ya sa hanya ta yi haɗari, ya sami kwafin Tarihus Sudan a can, ya bi ta Birnin Kebbi ya nufi Sayi da Tambutu, duniya kuma ta san kowane zangonsa domin ya rubuta. A cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda ya taka duk inda Baturen ya taka a wannan tafiya, ya bi shi har Ingila a 1855, kuma da ba don an rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa ba, da ya ɓace kamar yadda sunayen dubban fatake da alhazai suka ɓace.

Mota ta zo ta rage tafiyar shekaru ta koma ta watanni, jirgin sama ya zo ya mai da ita ta sa'o'i, har ga shi yau alhazan Jihar Kebbi suna tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, maƙwabciyar Zauro, su yi sallar asuba a gida su yi ta isha'i a ƙasa mai tsarki. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya, kuma daga cikin godiyarta akwai sanin abin da magabata suka sha kafin ta samu. A Zauro da Ambursa da Gulumbe da Jega da Argungu akwai dattawa da suka ji labarin hanyar gabas daga bakin waɗanda suka taka ta, akwai kuma gidajen da ba su rasa tsohuwar wasiƙar Ajami ko takardar shaidar tafiya a cikin adaka ba. Haƙƙi ne a kan ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da masu kula da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da majalisun masarautun Gwandu da Argungu, su aika matasa gida gida su ɗauki muryoyin waɗannan dattawa, su rubuta sunan kowane matafiyi da garinsa da zangunansa da shekarun da ya yi, tun masu labarin suna raye. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya karɓi wahalarsu, ya ba na baya himmar cika wannan amana.