Yadda Magunguna Uku Suka Koma Ƙwaya Ɗaya

Mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV da ke haɗiye ƙwaya ɗaya kullum ya kama harkar gabansa, da wuya ya san irin gwagwarmayar da aka sha kafin a kawo nan.

A 1987 Amurka ta amince da AZT, maganin farko. Ba a daɗe ba murna ta koma ciki, domin ƙwayar cutar tana saurin sauya kama, magani ɗaya ba ya daɗewa yana cin ta. Sai a 1996, a wani taro a Bankuba ta Kanada, masana suka nuna cewa idan aka haɗa magunguna uku aka tare ta ta ko'ina, takan lafa har a kasa ganinta a gwajin jini. To amma majiyyaci kan cika tafin hannunsa da ƙwayoyi, wasu bayan cin abinci, wasu da yunwa, idonsa kullum na kan agogo. Kuɗin shekara kuwa ya haura dala 10,000. A Afirka, inda cutar ta fi ɓarna, magani ya samu amma ana ta kai mutane kabari. Wannan abin takaici ne da bai kamata a manta ba.

Kowane magani yana da kamfanin da ya mallake shi, shi ya sa haɗa su wuri guda ya yi wuya. Dokar Indiya ta lokacin ba ta hana kwaikwayon magani ba, don haka kamfanin Cipla ya dunƙule uku a ƙwaya ɗaya mai suna Triomune, ana sha safe da yamma. A 2001 shugabansa, Yusuf Hamied, ya yi tayin sayar da maganin shekara a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana. Da irin waɗannan magunguna na Indiya Najeriya ta fara shirinta na ƙasa a 2002.

Triomune ya ceci rayuka, amma ɗaya daga cikin sinadaransa, stavudine, yana zuƙe kumatu, yana sa ƙafafu zugi. Ga mai ɓoye ciwonsa saboda tsangwama, fuska ce ke tona asirinsa, don haka aka yi ta janye stavudine.

Wani haɗin mai suna Atripla ya fito a 2006, ana sha sau ɗaya a rana. Sannan aka samu TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wanda a 2017 aka daidaita farashinsa wajen dala 75 a shekara ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegravir, kuma shi ne galibi ake miƙa wa majiyyata yau a asibitocinmu.