Auyokanci da danginsa: Harsunan da suka ɓace a fadamar Haɗejiya

Kafin Hausa ta mamaye ƙasar Haɗejiya, akwai wasu harsuna uku da ake magana da su a bakin kogin da kuma kudancinsa: Auyokanci a Auyo, Teshenanci a tsohon garin Teshena, da Shiranci a Shira, wadda yanzu take cikin Jihar Bauchi. Tarihin baka ya ce 'yan'uwa uku ne suka kafa garuruwan. Jihadin farkon ƙarni na 19 ya shigar da Auyo cikin masarautar Haɗejiya, Shira da Teshena kuwa cikin ta Katagum, sannu a hankali jama'arsu suka koma jin Hausa. A yau babu mai magana da ko ɗaya daga cikinsu.

Masana sun sanya su cikin harsunan Cadi na yamma, a rukuni ɗaya da Badanci na ƙasar Gashuwa, da Ngizimanci na Potiskum, da harshen Duwai. Abin da ya rage nasu 'yan gajerun jerin kalmomi ne da aka rubuta a zamanin Turawa. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya nazarce su a wata maƙala ta 2001, ta hanyar gwada su da Badanci da Ngizimanci. Danginsu masu rai sun fi su sa'a: tun a 1854 Sigismund Koelle ya buga kalmominsu, waɗanda ya ji daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, kuma yanzu suna da ƙamusoshi masu fassarar Hausa da Ingilishi.

Wannan dabara ta fassara mataccen harshe da taimakon ɗan'uwansa mai rai, an yi amfani da ita a harsunan Keltik na yammacin Turai. Su shida ne. Welsh na yankin Wales, da Cornish na kudu maso yammacin Ingila, da Breton na Faransa reshe ɗaya ne. Irish, da Gaelic na Scotland, da Manx kuma reshe na biyu. Kusancin reshen farko a fili yake: ruwa shi ne dŵr a Welsh, dowr a Cornish, dour a Breton, gida kuwa tŷ, chi da ti.

Wahalar mai koyo da mai fassara tana farkon kalma, domin harafin farko yakan sauya. A Welsh kyanwa ita ce cath, amma "kyanwarsa" ei gath, "kyanwarta" ei chath. Wanda bai san ƙa'idar ba sai ya gaji da neman gath a ƙamus. Badancin yamma ma yana da nasa tarkon, don sunaye a cikinsa kan ɗauki "n" a ƙarshe idan aka faɗe su su kaɗai.

Dolly Pentreath, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da ta tashi da Cornish, ta rasu a 1777. Duk da haka an farfaɗo da shi bayan littafin Henry Jenner na 1904, saboda ya bar rubutattun wasannin kwaikwayo na addini, inda aka samu giɓi kuma aka ciko daga Breton da Welsh. Manx ya rasa Ned Maddrell a 1974, amma an riga an naɗi muryarsa, kuma an buɗe firamaren da ke koyarwa da harshen a 2001. Welsh bai taɓa mutuwa ba. Ƙidayar 2021 ta samu masu jinsa 538,300.

Auyokanci bai bar littafi ko faifan murya ba, jerin kalmomi kuma ba ya koya wa mutum gina jimla. Badanci kuwa har yanzu ana jinsa a ƙauyukan fadamar, can ƙasa da Haɗejiya, ko da yake yara da dama a garuruwa Hausa suke fara ji.