Barin yaro ya yi ta kuka har barci ya ɗauke shi: abin da ya kamata ki sani lokacin yaye

Idan yaronki ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu kuma ba ya barci sai da nono a baki, ƙila an ba ki shawara iri biyu. 'Yar'uwarki ta birni ta ce ki kwantar da shi ki fita, ya yi kukansa ya gaji, haka Turawa suke yi. Surukarki kuma ta ce a kawo mata shi yaye, kwana uku ya manta. Duka biyun manufarsu ɗaya, a bar shi ya yi kuka har ya saba.

Daga ina dabarar ta fito?

Wanda ya fi yaɗa ta likitan yara ne a Boston ta Amurka, Dokta Richard Ferber, a littafinsa na 1985. Shi ma bai ce a bar yaro shi kaɗai har gari ya waye ba. Ana kwantar da shi idonsa biyu, a fita, a dawo bayan minti 3 a lallashe shi ba tare da an ɗauke shi ba, sannan bayan minti 5, sannan 10. A 2016 masu bincike a Ostireliya sun wallafa gwajin da suka yi da yara 43 'yan wata 6 zuwa 16. Waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun fi saurin yin barci, kuma bayan shekara ba a ga bambanci a halayensu ko shaƙuwarsu da iyaye ba. Amma yaran kaɗan ne, kuma lafiyayyu ne masu ƙoshi. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, ba a yi masa wannan sam.

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci ko Bichi lamarin daban ne. Ɗaki ɗaya ne, sau da yawa gidan sauro ma ɗaya. Kwanan yaro kusa da uwarsa ba cuta ba ne, kuma babu dalilin lafiya da ya wajabta ɗan shekara biyu ya kwana shi kaɗai. Hasali ma ba ma son a rufe yaron da ya iya tafiya a ɗaki mai fitilar kananzir ko garwashi, ko ya fice daga gidan sauro ba wanda ya sani.

Ki fara tabbatar da lafiyarsa

Kukan dare a yankinmu ba kullum rigima ba ne, kuma kafin a ce mayu ko iska, a taɓa jikin yaro. Idan da zafi, musamman da damina, a kai shi asibiti mafi kusa a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro, ko da yana shan maganin kariya da ake rabawa gida-gida ga 'yan wata 3 zuwa 59. Yaron da yake jan kunnensa, ƙila ciwon kunne ne, wanda yakan tsananta idan an kwanta. Susar dubura da dare alamar ƙananan tsutsotsin ciki ce. Ki duba tsakanin yatsunsa ko akwai ƙazwa, ki duba katifa ko akwai kuɗin cizo.

Sai yunwa, wadda aka fi mantawa da ita. Cikin yaro ƙarami ne, ɗan tuwon da ya tsakura da magariba ba zai kai shi asuba ba. Yana buƙatar abinci sau 3 ko 4 a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, irin su kunun gero da gyaɗa ko waken suya, faten wake, ƙwai da zogale. Yaron da aka cire wa nono farat ɗaya, aka raba shi da uwarsa, yakan ƙi cin abinci, daga nan tamowa take shiga. Idan ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, a auna damtsensa. Ƙasa da santimita 11.5 yana buƙatar magani nan take.

Yadda za ki bi a hankali

Kada ki haɗa masa abu uku a dare ɗaya: rabuwa da nono, rabuwa da ke, da sabon wurin kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayarwa har shekara 2 ko fiye, don haka ba gaggawa. Sabon ciki ma, idan lafiyayye ne, ba ya lalata nono kamar yadda ake faɗa.

Ki fara rage shayarwar rana tsawon mako biyu ko uku. Da dare ki tsayar da tsari ɗaya: abinci, wanka, addu'a ko tatsuniya, sai kwanciya a lokaci ɗaya kullum, misali bayan isha'i. Ki kwantar da shi kafin barci ya ɗauke shi, ki zauna kusa kina ɗan bubbuga bayansa. Zai yi kuka, wataƙila sosai a dararen farko, kuma kukan ƙoshin yaro mai lafiya da uwarsa a gefe ba ya cutar da shi. Bayan 'yan kwanaki ki riƙa matsawa nesa kaɗan-kaɗan. Idan kakarsa ce za ta karɓe shi, ya fara yini a wurinta ya saba, kuma a riƙa kawo miki shi da rana. Maigida, sanar da mutanen gida tun da wuri, don kada a matsa mata ta mayar da shi kan nono a dare na biyu. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 har da na rana, don haka dogon barcin la'asar yakan cinye na dare.

Kada ki ba shi Piriton, maganin tari ko jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba don ya yi barci. Maganin haƙori na kemis ma a kiyaye: a 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda gubar da ta shiga cikinsa. Idan ranki ya ɓaci, ki miƙa shi ga wani ki fita tsakar gida, kada ki girgiza shi ko ki doke shi.

A tafi asibiti ko da tsakar dare ne idan yana jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya kasa sha, ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki in ya ja numfashi, ko numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko kuma ya yi laushi har tashinsa yana wuya.