Zauren da Ya Fito Bakin Titi: Teburin Mai Shayi a Briqueterie

Idan aka ambaci Briqueterie a birnin Yawunde, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne suya. Har wani wuri gare su da ake wa laƙabi da "ma'aikatar suya" a harshen Faransanci, inda jama'a ke tururuwa da yamma daga kowace kusurwa ta birnin. Bayan suya sai a ambaci shadda da atamfa da teloli, sai masallatai. Ban cika jin an ambaci mai shayi ba, alhali kuwa kafin a idar da sallar asuba tukunyarsa ta tafasa, kuma da dare shi ne ƙarshen kashe fitila. A ganina teburin nan nasa yana da tarihi, kuma yadda yake tsara wurin gado ne, ko da shi kansa bai taɓa kiransa da wannan suna ba.

Bari mu fara da yadda Hausawa suka zo nan. Jamusawa sun kafa tutarsu a gaɓar tekun Kamaru a 1884, suka kafa sansani a Yawunde a 1889, a ƙasar Ewondo. Tun kafin nan fataken Hausawa sun daɗe suna ratsa Adamawa, suna bin Banyo da Tibati da Yoko neman hauren giwa da goro, daga baya kuma danƙo. Da hanya ta buɗe zuwa kudu sai suka biyo ta, suka yi zango kusa da sansanin Turawa. Jamus ta rasa Kamaru a 1916, Faransa ta karɓi wannan ɓangare, ta mai da Yawunde babban birni. Duk lokacin da unguwar Turawa ta faɗaɗa sai a ce wa Hausawa su matsa, an kuwa tayar da su fiye da sau ɗaya kafin su zauna a Ekoudou a shekarun 1930. A nan ne ake gasa bulo tun zamanin Jamus, shi ya sa sunan Briqueterie, wato wurin yin bulo, ya danne na asali.

Waɗancan fatake ba mashaya shayi ba ne. Abin motsa bakinsu goro, abin karin kumallonsu koko da kunu da fura. Shayi baƙo ne, kuma ta hanya biyu ya iso mu. Ta farko ita ce ta hamada: koren ganyen ƙasar Sin da ya mamaye Maroko a ƙarni na 19, Larabawa da Buzaye suka tsallako da shi, tare da ƴar buta da ƙananan kofunan gilashi. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kamar yadda muka aro gahawa. Ta biyu ita ce ta Turawa: baƙin ganye, madarar gwangwani, sukari da burodi. A Briqueterie hanyoyin biyu suka haɗu a kan tebur ɗaya. Mutumin Marwa ko na Chadi zai nemi shayi ja mai kanumfari da citta, ba madara, ya yi ta kurɓa yana hira. Ɗan acaɓa mai sauri kuwa babban kofi yake so, mai kauri da madara, da rabin dogon burodin nan irin na Faransa, da wainar ƙwai da aka soya da taliya a ciki, wadda duk ɗan Kamaru ya san ta.

Akwai wani abin mamaki da nake yawan tunani a kai. Kamaru ƙasar gahawa ce. Ana noman robusta a yankin Mungo wajen Nkongsamba, ana noman arabika a tsaunukan yamma, su Dschang da Fumban da Bamenda, har manoman yamma suka haɗa ƙungiyarsu ta UCCAO a 1958, mai hedkwata a Bafusam. Amma in ka ce wa mai shayi ya ba ka kofi, garin Nescafé zai ɗebo maka da ƙaramin cokali, abin da kamfanin Nestlé ya fito da shi a Suwizalan a 1938. Gahawar ƙasa ta bi jirgin ruwa daga Duwala, ta gwangwani ta zo ta zauna. Ganyen shayi ya fi sa'a, domin na Tole da ke kusa da Buea da na Ndu suna shiga tukunya, sukari kuma na Mbandjock ne.

To, ina zancen gado ya shigo? Sai mun koma zaure. A gidan Bahaushe na Kano ko Zariya ko Katsina, zaure shi ne iyakar baƙo. A nan maigida ke zama, a nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake sauke matafiyi, a yi ciniki, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar mutuwa. Magina sun fi ƙure gwanintarsu a kansa: rufin azara, bakan gizo da ke riƙe da soro, zanko a saman bango, zanen dagi a goshin ƙofa. Kayan cikinsa kuwa kaɗan ne, tabarma da buzu da buta, domin mutane ne adonsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya yi sallama ya samu wurin zama, ba a tambayarsa me ya kawo shi sai ya huta.

Wannan gini bai yi wa Yawunde daidai ba. Gari ne mai damina biyu a shekara, soron ƙasa ba zai jure ba, sai aka koma ginin jar ƙasa da itace da rufin kwano, daga baya siminti. Fili kuma ya yi ƙaranci. Bayan samun ƴancin kai a 1960, da shugaban ƙasa ɗan Garwa, Ahmadu Ahijo, mutanen arewa suka ƙara kwararowa, jirgin ƙasa ya isa Ngaundere a 1974 ya ƙara sauƙaƙa zuwan, ga ƴan Najeriya da Nijar da Mali da Senegal da Gini da duk suka ga nan ne za su ji kiran salla kusa. Gida ya cika. A gidaje da yawa ɗakin da ke fuskantar titi, wanda da shi ne zaure, ya koma shagon tela ko ɗakin haya. Saurayin da ya zo ci-rani, suna kwana su biyar a ɗaki ɗaya, ba shi da inda zai zauna ya ji labarin gida. Bencin mai shayi ne ya karɓi wannan aiki. A nan ake tambayar wa ya zo daga Maraɗi, a nan ake barin saƙo, a nan sabon zuwa ke jin wane maigida ke neman yaron shago. Da aka zaftare albashin ma'aikata a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, har masu ɗaure wuya da laktaye suka zo suka matsa a bencin. Ƴan Yawunde suna da suna mai ban dariya ga irin waɗannan wuraren cin abinci na bakin hanya, turnedo, wato juya baya, domin mai ci yana ba titi baya kada wanda ya san shi ya gan shi.

Yanzu mai karatu ya dubi teburin kansa. Benci uku ne suka kewaye shi, mai shayi na tsaye a gefe na huɗu, don haka duk wanda ya zauna yana kallon fuskar ɗan'uwansa, kamar dai zaman tabarma. An shimfiɗa leda mai furanni. A tsakiya ga gwangwanaye an ɗora su hawa-hawa, Nido a ƙasa saboda girmansa, sai Ovaltine da Matinal, sai ƙananan gwangwanayen madara, kwalin Lipton a can ƙoli, kowanne an juyo da fuskarsa waje. Ƙwai na jere a faranti, burodi a tsaye, kofuna a kife bisa tsari. Wasu gwangwanayen ma babu komai a ciki, ana ajiye su ne don dalar ta cika ido. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya san wannan ido. Jere ne. Kakanninmu mata sun jera ƙorai da tasoshi, iyayenmu suka jera kwanuka da langa masu fenti da ake kawowa daga Hong Kong, manya a ƙasa, ƙanana a sama, har rufi. Ma'anar ɗaya ce a wurare biyun: ga abin da na mallaka, ga tsabtata, a shigo. Abin da ke ba ni dariya shi ne maza sun ari adon mata sun kai shi wurin da mace ba ta cika zama ba, ko da yake ƙosai da wainar da ake ci a bencin daga hannunta suka fito.

Sauran adon bai wuce kalanda mai hoton Ka'aba ba, da rubutun kariya daga bakin mutane a jikin allo, da rediyo a rataye yana kama sashen Hausa na BBC ko na Jamus. Akwai kuma ɗaga hannu da mai shayi ke yi yana sheƙa ruwan daga kofi zuwa kofi, ya yi tsiri mai tsawo bai zubar ba.

Wasu al'ummomi sun riga mu gane darajar irin wannan. A ƙasar Filifin, inda garin Lipa ya yi arziki da gahawa a shekarun 1880 kafin cutar ganye ta cinye gonakin, masu gidajen gahawa na zamani suna komawa ga gahawarsu ta barako, su sa kujerun saƙar rama irin ta ƙasarsu da tagogin ɓawon kifin teku irin na gidajen kakanninsu, mai shiga ya san a ina yake. Mu kuwa sabbin wuraren shan kofi da na shiga a Bastos da tsakiyar birni, da ma na Kano da Abuja, yawancinsu kamanninsu ɗaya: baƙin bango, fitilu masu rataye, tebur mai kujera biyu, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ba na ƙin na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba zan ce bencin bakin kwata ya fi tsabta ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce in za a yi na zamani sai an watsar da zaman fuska da fuska, sannan a rataya faifai biyu da ƙwarya a bango a ce an yi gargajiya.

Shi kuwa tsohon teburin, ba shi da takarda. A shekarun da Gilbert Tsimi Evouna ke riƙe da birnin an yi rusau a unguwanni da dama, Briqueterie na ciki, kuma babban ɗakin wasannin da Sin ta gina a Warda, wanda aka buɗe a 2009, yana nan tsaye a bakin unguwar yana nuna irin birnin da hukuma ke so. Masallaci yana da kwamiti da zai je ya yi magana. Mai shago yana da rasit. Mai shayi in an zo faɗaɗa titi sai ya ɗora benci a kan tebur, ya zuba gwangwanaye a buhu, ya nemi wani lungun, masu bashinsa na littafi su bi shi can in sun ga dama.